Sigarin lantarki mai ɗura ruwa: fashin baƙi ga mai shan taba a Damagaram

Wani ɗan ƙaramin abu ya shigo hannun mutane a Damagaram cikin ƴan shekarun nan. Tsawonsa bai fi yatsa da rabi ba, ana cajinsa da igiyar salula, in an zuƙa sai ya fitar da farin tururi mai ƙamshin mangwaro ko na'ana'a. Ana ganinsa a fada bayan isha'i, ana ganinsa a aljihun ƴan kabu-kabu da na ɗalibai. Wasu sigarin lantarki suke ce masa, wasu shishar aljihu. Iri biyu ne a kasuwa: akwai wanda ake sha har ruwansa ya ƙare a jefar, akwai kuma wanda ake buɗe ɗan tankinsa a ɗura masa ruwa, a ci gaba da amfani da shi wata da watanni. A kan na biyun zan yi magana.

Sai dai in fara da faɗin wanda nake magana da shi. Wanda bai taɓa shan taba ba, babu abin da zai samu a wannan na'ura face kamu da nikotin, kuma kamun nikotin ba a saurin kuɓuta daga gare shi. Ƙwaƙwalwar matashi ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, nikotin kuwa yana taɓa wannan ginin. Mace mai ciki ma haka, domin yana kaiwa ga abin da ke cikinta. Maganata da magidancin nan ne da ya shekara goma ko ashirin yana kunna kara bayan kara, wanda yakan yi alwashin bari a watan azumi, kafin a gama yawon salla ya koma wurin mai tebur. Shi kaɗai ne wannan lissafi zai iya yi wa amfani, shi ma da sharaɗi.

Asalin abin daga ƙasar Sin yake. Wani mai haɗa magunguna, Hon Lik, shi ya ƙera irin wanda duniya ta sani a 2003. Shi kansa mashayin taba ne, kuma ciwon dajin huhu ne ya yi ajalin mahaifinsa. Har yau mafi yawan waɗannan na'urori daga birnin Shenzhen suke fitowa, ko da wane suna aka rubuta a kwalin. Tunanin da ke bayan ƙirar ba shi da wuya. Nikotin shi ke riƙe mutum ga taba, amma ba shi ne babban mai kisa ba. Ƙonawa ce. Bakin sigari yakan kai digiri 900 in ana zuƙa, hayaƙin da ke fita yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, wajen 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Ga baƙin dattin nan mai danƙo da ke manne wa huhu, ga iskar kabon monoksayid da ke hana jini ɗaukar iska mai kyau. Na'urar lantarki ba ta ƙona komai. Tana ɗumama ruwa ne zuwa wajen digiri 200 ko 250, ruwan ya zama tururi ya ɗauko nikotin. Amma kada wani ya ce maka ruwan sha ne ke tashi. Tururin na ɗauke da ƙananan ɓurɓushi da sinadaran ƙamshi da ɗan ƙarfen da ke fita daga wayar da ke ɗumamawa, huhu kuma ba don wannan aka halicce shi ba.

A nan masana suka rabu, kuma ya kamata mai saye ya san rabuwar. A 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ce illar sigarin lantarki ta yi ƙasa da ta taba da kusan kashi 95 cikin 100. Masu sayarwa sun riƙe wannan adadi gam, alhali kuwa ƙiyasi ne na masana, ba awo ba, kuma an yi ta sukarsa. Abin da ya fi ƙarfi shi ne gwajin da aka buga a 2019, shi ma a Ingila, kan mutum kusan 900 masu son barin taba. Bayan shekara guda, kashi 18 cikin 100 na waɗanda aka ba na'urar sun bar sigari, waɗanda aka ba cingam ɗin nikotin ko filastarsa da ake manna wa fata kuwa kashi 10. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara gwaje-gwajen likitanci, ta ce a 2022 shaidar ta yi ƙarfi cewa na'urar ta fi filasta da cingam taimakawa. A ɗaya ɓangaren, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito a Disambar 2023 tana kira ga gwamnatoci su tsaurara, tana mai cewa ana farautar yara da ƙamshi da launi, kuma Indiya ta hana abin baki ɗaya tun 2019. A ganina kowane ɓangare na kallon mutum dabam ne. Ingila na kallon dattijo mai tari, Hukumar Lafiya na kallon ɗan shekara 15. A garinmu dukansu biyu suna zaune kan tabarma ɗaya, kuma na fi jin tsoro saboda ƙaramin.

Sharaɗin da na ambata shi ne a bar sigari gaba ɗaya. Mutane da yawa suna sha a na'ura da rana, su kunna kara ɗaya bayan tuwo, su ɗauka sun rage haɗari daidai da yadda suka rage kara. Zuciya ba ta wannan lissafi. Wani bincike da aka buga a 2018 ya nuna cewa namiji mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da mai shan 20 ke ɗauke da shi. Wanda zai haɗa biyun, kuɗinsa kawai ya ƙara kashewa.

To, mu buɗe na'urar. Gangar jikinta batir ne. A samansa ake ɗora kai, wato ɗan tankin roba mai cin mililita 2 ko 3, wanda maganaɗisu ke riƙewa. A cikin kan akwai koyil: siririyar waya ko ƴar raga ta ƙarfe da aka lulluɓe da auduga. Audugar ita ce lagwani. Duk wanda ya taɓa kunna fitilar ƙwai ya san in lagwani ya sha kananzir haske yake bayarwa, in ya bushe shi kansa ke ci da wuta. Rabin matsalar da masu na'urar ke kuka da ita, daga ɗaci a maƙogwaro zuwa lalacewar kai cikin kwana biyu, daga busasshen lagwani take. Kuma ba ɗanɗano kaɗai ba ne. In auduga ta bushe waya ta yi zafi fiye da kima, ruwan yana rikiɗewa ya fitar da fomaldehayid da akrolin, waɗanda guba ne. In zuƙa ta yi ƙauri, a ajiye na'urar nan take.

Wajen zaɓe, mutane kan fara da launi da suna. Uwell Caliburn, Vaporesso XROS, OXVA Xlim, Voopoo, Smok, duk sanannu ne, kuma aikinsu kusan ɗaya ne. Tambayar farko a Damagaram ba ta suna ba ce. Koyil abin ƙarewa ne, mako ɗaya zuwa biyu yake yi, kuma kan wannan kamfani ba ya hawa jikin na wancan. Na tsaya a wani shago inda wani mutum ya fito da tasa daga aljihun riga, sabuwa fil, baƙa mai sheƙi, ya ce, "Alhaji, kan wannan nake nema, ya ƙone." Mai shagon ya jujjuya ta ya ce, "Malam, irin wannan sai in an je Kano, ka leƙo bayan sati biyu." Wanda ya shekara ashirin yana shan taba ba zai yi sati biyu yana jira ba. A daren nan zai koma kara. Saboda haka kafin ka biya, ka ga kawunan canji da idonka, ka tabbata akwai su a shago fiye da ɗaya, ka kuma haɗa da fakiti guda tun ranar farko. Kayan da ke biyo hanyar Matamaye ko Magarya suna iya yankewa in iyaka ta yi tsauri, kamar yadda aka gani bayan Yulin 2023.

A jikin kowane kai za ka ga an rubuta lamba da alamar Ω, misali 0.6, 0.8, 1.0 ko 1.2. Lambar tana nuna yadda wayar ke tare wuta. In ta yi ƙasa, wuta na wucewa da yawa, tururi ya yi kauri da ɗumi, ruwa da batir su ƙare da wuri. In ta yi sama, tururin kaɗan ne, zuƙar a matse take, irin ta sigari: a tara a baki, sannan a tura ƙirji. Mai barin taba ya nemi 0.8 zuwa 1.2. Masu tayar da gajimare a fada suna neman 0.6 zuwa ƙasa, wannan kuwa wasa ne, ba barin taba ba, kuma huhu ne ke biyan kuɗinsa. Batir mai 800 zuwa 1,000 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da yake riƙewa, yakan kai mutum yini guda da irin wannan koyil, abin da ke da muhimmanci a unguwar da kuran ke zuwa yana tafiya. A duba ramin caji ya zama USB-C don igiyar salula ta yi masa. A duba kuma kwalin, manyan kamfanoni suna manna wata ƴar takarda da ake kankarewa a ga lambar tantancewa a shafinsu na intanet. Na jabu sun cika kasuwa, kuma batirinsu ne abin tsoro.

Ruwan shi ne inda ya kamata a daɗe ana dubawa, domin shi ke shiga jiki. Abu huɗu ne a ciki: wani ruwa tsararo da ake rubuta PG, wani mai kauri da zaƙi-zaƙi da ake rubuta VG, sai ƙamshi, sai nikotin. Ƙananan na'urori an yi su ne don haɗin rabi da rabi, wanda za ka ga an rubuta 50/50. In VG ya kai 70, kaurinsa ba ya barin auduga ta sha da sauri, koyil ya ƙone. Yanayinmu kuma yana da nasa tasiri. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ruwan yana tsinkewa ya bi ta ramin iska ya zubo. Wanda ya ga tabon mai a aljihun gaban rigarsa, ko ya ji na'urar na ƙurƙur yana tofar da ruwa mai yaji, yawanci ba lalacewa ta yi ba, rana ce ta dake ta. A ajiye ta a tsaye, a inuwa, kada a cika tanki har baki, a cire kan a goge gindinsa da ƙyalle kowace safiya. Da hunturu kuma ƙura ke toshe ramin iska da ƴan ƙarafan da ke haɗa kai da batir, sai na'urar ta ƙi tashi ko ta riƙa tashi ita kaɗai. Tsinken auduga busasshe ya isa.

Ƙarfin nikotin kuwa ana rubuta shi iri biyu, kuma nan ake ruɗa mutane. Kwalba mai 20 mg/ml da mai 2% abu ɗaya ne. Mai 5% kuwa miligiram 50 ne a kowace mililita. Tarayyar Turai, har da Faransa, ta ƙayyade 20 a matsayin iyaka, tanki kada ya wuce mililita 2, kwalba kada ta wuce 10. Masu 5% salon Amurka ne, wanda kamfanin Juul ya yaɗa daga 2015 da abin da ake kira gishirin nikotin. Nikotin na asali yana da kaifi, in ya wuce 12 sai ya riƙa karce maƙogwaro, mutum ya ji ya isa. Juul suka haɗa shi da wani asid, kaifin ya tafi, ana iya zuƙar mai ƙarfi sosai ba tari. Ga tsohon mashayi wannan taimako ne, domin ƙishirwar tana kwantawa da wuri. Ga yaro kuwa shi ne tarkon, tunda babu ɗacin da zai kore shi. Mu yi lissafi a fili: tanki mai mililita 2 na 20 mg yana ɗauke da miligiram 40. Daga kara ɗaya na sigari jiki yana ɗaukar miligiram 1 zuwa 2. Ba duk abin da ke tankin ke shiga jini ba, amma wanda ke shanye tanki biyu na 5% a yini ya san ya wuce inda yake lokacin da yake shan taba. Mai shan fakiti a rana ya fara da 20, mai shan rabin fakiti 10 ko 12, mai kara huɗu ko biyar 6 ta ishe shi. Mai 5% ban ga wanda ke buƙatarsa ba. In ka ji jiri, tashin zuciya, ciwon kai ko bugun zuciya, ya yi maka yawa. In kuma kana zuƙa ba ƙaƙƙautawa amma idonka na kan tebur ɗin mai sigari, ya yi kaɗan, kuma wannan kuskuren ne ya fi mayar da mutane ga taba.

Kwalbar da za ka saya ta zama a rufe da hatiminta, da murfin da yaro ba ya iya buɗewa, da sunan kamfani da ranar lalacewa da ƙarfin nikotin a rubuce. Na ga kwalabe jere a gilashin wani shago da rana ke duka tun hantsi, ruwan da aka yi shi garai-garai ya koma kalar shayin da ya daɗe a wuta. Zafi da haske suna lalata nikotin, ya yi duhu ya yi yaji. Ka ce a ɗauko maka daga kwali. Wanda aka ɗura a kwalbar da ba rubutu, ana cewa haɗin gida ne mai arha, kada ka karɓa ko kyauta ne. A 2019 aka yi ɓarkewar ciwon huhu a Amurka, mutum sama da 2,800 suka kwanta asibiti, 68 suka mutu. Da aka bincika, an samu yawancinsu ruwan wiwi na bayan fage suka sha, wanda aka sirka da wani mai na bitamin E. Darasin ya shafe mu kai tsaye, saboda mu mutane ne masu yarda da man habbatussauda da man zaitun da zuma. Waɗannan in an sha su ta baki suke da amfani, ba in an zuƙe su ba. Huhu ba ya iya fitar da mai, in ya shiga sai ya kumbura. Kada a ɗiga mai, ko turare, ko wani magani a cikin tanki. Haka nan in an miƙo maka ta wani a fada, ba ka san abin da ya ɗura ba, ba ka kuma san tarin da yake yi ba.

Yadda ake amfani da ita ba shi da yawa. Sabon kai, a ɗura ruwa a bar shi minti 5 zuwa 10 auduga ta sha. A zuƙa a hankali, daƙiƙa uku ko huɗu, ba fizga irin ta sigari ba, a ɗan huta tsakani. A ƙara ruwa tun kafin ya sauka ƙasa da ramukan audugar. Ruwa mai zaƙi da yawa yana daskarewa a kan waya ya kashe koyil da wuri. In ɗanɗano ya dushe ko ƙauri ya fara, a canza kai. Makon farko za a yi tari da bushewar baki, sai a yawaita shan ruwa. In tarin ya zo da ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, a ajiye a ga likita.

Batirin irin na salula ne, kuma ba a so a yi cajinsa in zafinsa ya haura digiri 45. Ƙarƙashin kujerar moto ko gaban gilashin mota da azahar ya wuce haka nesa. In ta ɗau zafi a bari ta huce tukuna. Kada a kwana da ita a caji kan katifa, kada a bar ta jone lokacin da kuran ya ɗauke, domin dawowarsa takan zo da ƙarfi. Wadda ta kumbura ko ta faɗa ruwa ta gama aiki, kuma ba a jefa ta a bolar da ake cinna wa wuta, fashewa take yi. Wannan ma yana cikin abin da ya sa na fi ƙin masu sha-ka-jefar: kowace ɗaya batir ne sukutum da za a yar a kwata, kuma su ne yara suka fi saya. Faransa ta hana sayar da su a Fabrairun 2025, Birtaniya ta bi a Yunin shekarar.

Akwai abin da nake roƙon kowane mai iyali. Kwalba mai mililita 10 ta 20 mg tana ɗauke da miligiram 200 na nikotin, ga ta da ƙamshin alawa da hoton ɗan itace. Kurɓi kaɗan na iya halaka ƙaramin yaro. Gidajenmu kuwa yara ne ke shiga ko'ina. A kulle ta a akwati, ba a kan taga ko ƙarƙashin matashi ba. In tsautsayi ya sa yaro ya sha, kada a tsaya ba shi madara ko manja, kada a sa shi amai, a ɗauke shi da kwalbar a nufi asibiti. In a fata ya zuba, a wanke da ruwa da sabulu. Busa tururi a ɗakin da yara ke kwana, ko a motar haya, ko a gaban manya, rashin ladabi ne kamar yadda kunna sigari yake. Nijar na da dokar yaƙi da taba tun 2006 wadda ta hana sha a wuraren jama'a, mai hankali sai ya ɗauki tasa na'urar a wannan matsayi. Da azumi kuma malamai sun bayyana cewa zuƙarta da gangan na karya shi, kamar sigari.

Gwajin Ingila da na ambata yana da wani adadi da masu talla ba sa faɗa. Cikin waɗanda suka bar sigari da taimakon na'urar, kashi 80 cikin 100 suna nan suna zuƙarta bayan shekara. Wato sun bar hayaƙi amma nikotin bai sake su ba. Don haka tun ranar saye a tsara hanyar fita. A nan mai ɗura ruwa ta fi ɗayar, tunda kai ke zaɓen ƙarfin. Wata biyu ko uku na farko, aikin ɗaya ne, kada a taɓa kara. In ƙafa ta tsaya, a sauko daga 20 zuwa 10 ko 12, bayan wasu makonni zuwa 6, sannan 3, sannan wanda ba nikotin, sannan a ajiye. Ana kuma rage wuraren sha: a daina kwana da ita kusa da kai, a daina ɗaukarta zuwa wurin aiki. Mai hawan jini, ko ciwon suga, ko wanda ya taɓa ciwon zuciya ko tarin fuka, ya fara da ganin likita, ya tambayi filasta da cingam ɗin nikotin, waɗanda ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2009. In kuma an sauko mataki sai marmarin sigari ya dawo da ƙarfi, a koma matakin baya a ƙara wata guda a kansa, sannan a sake gwadawa.